Kundin Aikin Sadarwa a Gwajin Maganin Hawan Jini, Janairu zuwa Satumba 2025

13 ga Janairu, 2025

An buɗe wannan kundi ne bisa shawarar taron shugabannin cibiyoyi, domin a riƙa rubuta yadda aikin sadarwa yake tafiya a gwajin sabon maganin hawan jini da muke gudanarwa. Gwajin yana mataki na uku, wato matakin da ake gwada magani a kan mutane da yawa kafin a nemi yi masa rajista, ana yin sa a cibiyoyi da dama, kuma duk wanda ya shiga yana ci gaba da shan maganin da likitansa ya saba rubuta masa, sai dai a ƙara masa ko dai sabon maganin, ko kuwa wata ƙwaya mai kama da shi wadda babu sinadarin magani a cikinta. Kwamfuta ce take yin ƙuri'ar rabon, kuma daga mahalarcin har likitan da yake duba shi babu wanda ya san abin da ya faɗo masa.

Da muka zauna muka lissafa waɗanda suke da ruwa da tsaki, sai muka tarar sun fi yadda ake zato yawa. Akwai mahalarta da iyalansu, da likitocin da suke kula da su tun kafin gwajin, da kwamitin ɗa'a na kowace cibiya mai kare haƙƙin mahalarta, da hukumar kula da magunguna, da masu ɗaukar nauyin gwajin, da shugabannin asibitocin da muke aiki a ƙarƙashin inuwarsu, sannan ga mu nan ma'aikata: masu jinya, masu harhaɗa magunguna, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, masu shigar da bayanai da masu bibiyar mahalarta a gidajensu. Saƙonni ba su yi ƙaranci ba, don kuwa kullum wasiƙu suna kai da komowa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin wanda alhakin amsa ya rataya a wuyansa. Saboda haka aikin farko shi ne rajistar tambayoyi guda ɗaya ga dukkan cibiyoyi, inda za a rubuta tambaya, da ɓangaren da ta fito, da ma'aikacin da aka ɗora wa nemo amsa, da ranar da aka mayar da ita. Sharaɗin da na dage a kai shi ne ba za a rufe tambaya don an samo amsarta ba, sai wanda ya yi ta ya ji amsar da kunnensa.

A farkon wannan wata ne majalisar ICH, mai daidaita ƙa'idojin magunguna tsakanin ƙasashe, ta kammala sabon bugu na ƙa'idojin kyakkyawan aikin gwaji, wato E6(R3), wanda asalinsa ya fito a 1996 aka kuma yi masa ƙari a 2016. Sabon bugun ya ƙarfafa neman ra'ayin marasa lafiya da ma'aikatan lafiya tun lokacin tsara gwaji. Namu ya riga ya wuce lokacin tsarawa, amma za mu yi aiki da abin da zai yiwu.

3 ga Fabrairu

Kwamitin ba da shawara na al'umma ya yi zamansa na farko. A cikinsa akwai masu fama da hawan jini waɗanda ba su cikin gwajin, da masu kula da marasa lafiya a gida, da wani tsohon ma'aikacin jinya, da malamar makaranta. Ba mu sa waɗanda suke cikin gwajin ba, don kada mutum ya ji nauyin sukar wurin da ake duba lafiyarsa.

Na fara zaman da tarihin da ya sa ake kafa irin wannan kwamiti, domin wasu daga cikin ma'aikatanmu suna ɗaukarsa a matsayin cika ƙa'ida kawai. A 2004 gwamnatin Kambodiya ta dakatar da gwajin maganin tenofovir na kariya daga cutar HIV tun kafin a fara ɗaukar mahalarta, bayan ƙungiyoyin matan da za a gwada maganin a kansu sun yi ƙorafin cewa ba a tuntuɓe su yadda ya kamata ba, kuma ba a ba su tabbacin kulawa ta dogon lokaci ba idan maganin ya cutar da su. A farkon 2005 aka dakatar da makamancinsa a birnin Duwala na Kamaru. Maganin kuwa ba shi ne matsalar ba, domin gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna yana ba da kariya, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da haɗin da yake ɗauke da shi don rigakafi a 2012. Daga waɗancan rigingimu ne hukumar UNAIDS ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da cutar HIV da ƙungiyar AVAC mai fafutukar rigakafin cutar suka fitar da ƙa'idojin tafiya tare da al'umma a 2007, suka sabunta su a 2011. Sanarwar Helsinki ma, mai shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'a na bincike a kan mutane, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara fitarwa a 1964, a gyaran da aka yi mata a Oktoban 2024 ta fito fili ta ce a tafi da mahalarta da al'ummominsu kafin bincike, da lokacin da ake yin sa, da kuma bayansa.

Abin da ya fi muhimmanci a zaman shi ne rarrabe wa kwamitin abin da yake da ikon canzawa da abin da ba shi da shi. Yawan maganin da ake sha da ma'aunin da za a yanke hukunci da shi ba sa hannunsu, kuma ba sa hannun cibiya. Lokutan ziyara, da yadda ake bayani, da tsawon jira, da hanyar kai ƙorafi kuwa, duk suna iya sa baki a ciki. Wata dattijuwa ta dubi babban mai bincike ta ce, "Likita, idan shawararmu za ta tsaya a takarda ne, gara ka faɗa mana tun yanzu mu koma ga harkokinmu." Ya amsa mata da cewa, "Hajiya, duk abin da kuka kawo za a dawo muku da amsarsa a zama na gaba, ko da amsar ita ce ba zai yiwu ba." An rubuta wannan alkawari a bayanan taron, kuma shi ne ma'aunin da za a riƙa auna mu da shi.

Buƙatarsu ta farko ita ce a sassauta ranakun ziyara, domin kundin tsarin gwajin ya ba da tazara ƙanƙanuwa wadda take takura wa masu aikin yini. Wannan yana buƙatar gyaran kundin kansa, wato sai masu ɗaukar nauyi sun yarda, sannan kwamitin ɗa'a da hukumar kula da magunguna sun sa hannu. Mun gaya musu gaskiya cewa abu ne na watanni.

24 ga Fabrairu

Makonnin nan sun tafi ne a kan takardar neman amincewa. Takardar doguwa ce, kuma yawancin tsawonta ya samo asali ne daga abubuwan da doka ta wajabta a ambata, don haka ba a iya datse ta yadda aka ga dama. Abin da muka yi shi ne ƙara mata taƙaitaccen shafi a gaba mai amsa tambayoyin da mutane suka fi yi, tare da sauya yadda ake tattaunawar. Maimakon ma'aikaciyar jinya ta tambayi mutum ko ya gane, tambayar da kusan kowa yake amsawa da e don kunya ko don girmamawa, yanzu tana roƙonsa ya maimaita mata da bakinsa abin da zai faɗa wa iyalinsa idan ya koma gida. A nan ne ake gane inda bayani ya kauce. Abin da ya fi kaucewa shi ne batun ƙuri'a: mutane da yawa suna ɗauka likita ne zai duba halin da suke ciki ya zaɓa musu abin da ya fi dacewa da su, kamar yadda aka saba a asibiti. Wanda ya sa hannu da wannan fahimta bai amince da gwaji ba, ya amince ne da jinya.

Ga wanda ba ya karatu, ƙa'ida ta ce sai an sami shaida wanda ba ya ƙarƙashin ma'aikatan gwajin ya zauna a duk tsawon tattaunawar, ya kuma sa hannu. An tunatar da cibiyoyi cewa ba a kiran shaida a minti na ƙarshe don ya sa hannu kawai. Taƙaitaccen shafin yana gaban kwamitocin ɗa'a, domin duk takardar da za ta isa hannun mahalarci sai da izininsu, ko da sanarwar bango ce.

17 ga Maris

An sauya fasalin taron ma'aikata na mako-mako. A da babban mai bincike ne yake buɗewa da alƙaluman ɗaukar mahalarta, sai lokaci ya ƙare kafin a zo kan masu bibiya. Yanzu masu bibiya da masu jinya ne suke fara magana, sannan a karanta tambayoyin da ba a rufe ba a rajista. An kuma sabunta takardar rabon ayyuka, wadda take nuna wanda babban mai bincike ya wakilta a kan kowane aiki, domin sababbin ma'aikata sun shigo.

7 ga Afrilu

Ranar Juma'a da yamma wani ma'aikacin bibiya ya kira wani mahalarci don tuna masa ziyara, sai matarsa ta ɗauka ta ce an kwantar da shi a wani asibiti tun daren jiya saboda jiri da faɗuwa. Kwanciya a asibiti tana cikin abubuwan da ake lissafawa a matsayin matsala mai tsanani, ko maganin gwaji ne ya jawo ta ko ba shi ba, kuma wajibi ne cibiya ta sanar da masu ɗaukar nauyi nan take, wanda a kundin tsarin gwajinmu, kamar a yawancin gwaje-gwaje, yana nufin cikin awa 24. Muhimmin abu shi ne lokacin yana fara lissafi ne daga sa'ar da ma'aikacin cibiya ya sami labari, ba daga sa'ar da labarin ya iso teburin likita ba. Ma'aikacin ya kira lambar likitan da yake kan aiki tun kafin ya ajiye takardar kiran, likitan ya tuntuɓi asibitin da aka kwantar da mutumin, aka aika rahoton farko a daren da ɗan bayanin da ake da shi, aka cike sauran ranar Asabar.

Likitan wancan asibiti ya nemi a gaya masa ko mutumin yana shan maganin gaske ne. Akwai hanyar buɗe sirrin rabon cikin gaggawa, kuma ikon yin haka yana hannun mai bincike idan lafiyar mahalarci ta buƙata, ba sai ya jira izinin kowa ba. Amma da suka tattauna sai suka ga jinyar ba za ta canza ba ko wace ƙwaya ce: za a dakatar da ita, a ba shi ruwa, a riƙa auna jininsa. Don haka ba a buɗe ba. An sallame shi ranar Lahadi.

Daga ɓangaren masu ɗaukar nauyi, idan suka ga matsalar ba a san maganin da ita ba kuma ana zargin shi ya jawo ta, suna da kwana 15 su sanar da hukuma, ko kwana 7 idan ta kai ga mutuwa ko barazana ga rai. Duk waɗannan wa'adodi sun dogara ne a kan ƙaramin ma'aikacin da ya fara jin labari. Abin da ya fito a bitar da muka yi yau shi ne katin da mahalarta suke ɗauka, mai lambar waya ta dare da rana, yana cikin aljihun mutumin amma matarsa ba ta san da shi ba. An shigar da shawara a rajista cewa, da izinin mahalarci, a riƙa yi wa mutum ɗaya na gidansa bayanin katin.

20 ga Mayu

Yau ce ranar gwaje-gwajen asibiti ta duniya, wadda ake tunawa da gwajin da James Lind ya fara a 1747 a kan matuƙan jirgin ruwa 12 masu fama da ciwon da rashin sinadarin bitamin C yake jawowa. Ba mu yi biki ba, mun yi amfani da ranar ne wajen magance wata jita-jita.

Tun ƙarshen Afrilu masu bibiya a wata cibiya suke kawo rahoton cewa ana raɗe-raɗin jinin da ake ɗiba ya yi yawa, kuma ana fitar da shi waje don a sayar. Irin wannan magana tsohuwa ce a fagen bincike, ta kuma taso a ƙasashe da yawa, kuma a ganina kuskure ne a kira ta jahilci, domin mutumin da aka ɗebi jininsa aka shiga da shi wani ɗaki da bai taɓa gani ba yana da hujjar tambaya. Wasu sun ba da shawarar a fitar da sanarwar ƙaryatawa. Kwamitin al'umma ya ce sanarwa za ta kai maganar ga waɗanda ba su ma ji ta ba, ya nemi a bar wakilansa su ga ɗakin gwaje-gwajen.

Bayan an sami izinin shugaban ɗakin aka kuma rufe duk wata takarda mai sunan mutum, an shiga da su. Ma'aikaciyar ɗakin ta ɗauko kwalaben ɗibar jini waɗanda babu komai a ciki, ta zuba ruwa daidai gwargwadon abin da ake ɗiba a ziyara guda, ta juye a cokalin awo domin su ga yawansa da idonsu. Ta nuna musu na'urar da take juya kwalba har ruwan jini ya rabu da ƙwayoyinsa, da firizar da take riƙe sanyi a digiri 80 ƙasa da sifili, da takardar da ake rubuta zafinta kullum, da lambar da ake liƙa wa kowace kwalba a madadin suna. Tsohon ma'aikacin jinyar nan ya tambaya, "To Malama, wanda ake aikawa waje fa?" Ta ce lallai ana aika wani kaso zuwa babban ɗakin gwaje-gwaje guda ɗaya domin a auna samfuran dukkan cibiyoyi da na'ura iri ɗaya, ta kuma nuna masa inda takardar amincewa ta faɗi haka, da wurin da mahalarci yake zaɓar ko a ajiye ragowar don bincike na gaba ko a lalata. Wato rabin jita-jitar gaskiya ne, kuma da mun ƙaryata ta ɗungurungum da an kama mu da ƙarya. An ƙara batun aika samfura a cikin abubuwan da ake roƙon mahalarci ya maimaita.

16 ga Yuni

Kwamitin sa ido kan bayanai da lafiyar mahalarta ya yi zamansa na tsakiyar gwaji. Mambobinsa masana ne masu zaman kansu, kuma su ne suke duba sakamakon rukunonin biyu a rarrabe a zamansu na sirri. Abin da ya iso gare mu wasiƙa ce gajera mai ba da shawarar a ci gaba ba tare da canji ba.

Isar da wannan saƙo ya fi yadda ake tsammani wuya. Wata cibiya ta rubuta daftarin sanarwa mai cewa kwamitin ya tabbatar maganin ba shi da illa kuma yana aiki, alhali wasiƙar ba ta faɗi ko ɗaya ba. Abin da take nufi kawai shi ne ba su ga dalilin tsayar da gwajin ba, ko saboda cutarwa, ko saboda amfanin da ya fito ƙarara. An janye daftarin kafin ya fita, aka rubuta jimloli guda uku da kowace cibiya za ta yi amfani da su. Kwamitin al'umma bai ji daɗin ƙarancin bayanin ba, har wani ya ce ana ɓoye musu abu. Mun amsa cewa haka ne, ana ɓoyewa, kuma mu ma an ɓoye mana, domin idan likitoci suka hango inda sakamako ya karkata za su fara canza waɗanda suke ɗauka da yadda suke auna su, ko da ba da gangan ba, sai wahalar da mahalarta suka sha ta tafi a banza. Ba kowa ya gamsu ba, amma tambayar ta sami amsa a gaban mai ita.

14 ga Yuli

Gyaran kundin tsarin gwajin da ya faɗaɗa tazarar ziyara ya sami amincewa, wata biyar da 'yan kwanaki bayan kwamitin al'umma ya nema. An sanar da su a zaman wannan wata tare da nuna musu sakin layin da aka canza. Wahalar yanzu ita ce kwamitocin ɗa'a ba su amince rana ɗaya ba, don haka na ɗan lokaci wasu cibiyoyi suna kan sabon bugu wasu suna kan tsoho. An buɗe jadawali guda mai nuna bugun da yake aiki a kowace cibiya da ranar da ya fara, kuma jami'ar da take zuwa duba aiki daga masu ɗaukar nauyi ta nemi a kwashe tsofaffin takardun amincewa daga ɗakunan ganin mahalarta gaba ɗaya, kada wani ya miƙa hannu cikin sauri ya ɗauko wadda aka daina amfani da ita.

18 ga Agusta

Ɓangaren da muka fi rauni a kansa shi ne likitocin da suke kula da mahalarta a wajen gwaji. Da izinin mahalarci ana aika musu wasiƙa a farko, daga nan sai shiru, alhali su ne suke iya ƙara wa mutum wani maganin hawan jini ba tare da sanin cewa yana shan ƙarin ƙwaya ba. An shirya wasiƙa mai shafi ɗaya da za a riƙa aikawa bayan kowace babbar ziyara, ɗauke da awon jini na ƙarshe da magungunan da kundin tsarin gwajin ya hana haɗawa da ƙwayar gwaji da lambar da za a kira.

An kuma tattauna batun masu son janyewa. Wasu masu bibiya suna jin kamar gazawarsu ce idan mutum ya ce ya fasa, sai su yi ta kira. An ja hankalinsu cewa janyewa haƙƙi ne da ba ya buƙatar dalili, kuma abin da ya halatta shi ne a bayyana wa mutum zaɓin da yake da shi sau ɗaya: yana iya daina shan ƙwayar amma ya ci gaba da zuwa awo, ko ya yarda a kira shi a waya a ƙarshen gwaji, ko ya fita kwata-kwata. Da aka fara gabatar da zaɓin haka, sai ya bayyana cewa wasu ba gwajin suka ƙi ba, zaman jira a wurin karɓar magani ne ya ishe su. An miƙa wannan ga masu harhaɗa magunguna, kuma sun fara shirya kwalaben ranar tun da safe.

8 ga Satumba

An fara tsara yadda za a mayar wa mahalarta sakamako, ko da yake ƙarshen gwajin yana da sauran nisa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana neman a saka taƙaitaccen sakamako a rajistar gwaje-gwaje cikin wata 12 da kammala tattara bayanan babban ma'aunin da ake yanke hukunci a kan magani da shi, kuma dokar Tarayyar Turai mai lamba 536/2014, wadda ta fara aiki a ƙarshen Janairun 2022, ta wajabta a haɗa da taƙaitawa cikin harshen da wanda ba masani ba zai fahimta. Matsayin da cibiyoyi suka cim ma shi ne mahalarta su ji sakamakon daga bakin ma'aikatan da suka sani, a ranar da za a bayyana shi ga jama'a, kada su tsince shi a kafafen yaɗa labarai, kuma a faɗa musu ko da maganin bai yi aiki ba. Wannan yana buƙatar kasafin kuɗi na bayan rufe cibiyoyi, lokacin da kwantiragin yawancin masu bibiya ya ƙare, kuma an rubuta wa masu ɗaukar nauyi a kan haka.

Tambayoyi biyu daga kwamitin al'umma suna nan a buɗe a rajista. Ta farko ita ce ko za a gaya wa kowane mahalarci ƙwayar da ya sha bayan an kammala tattara bayanai an kulle su, wadda masanin ƙididdiga na gwajin ya karɓi alhakin nemo amsarta. Ta biyu ita ce ko waɗanda maganin ya amfana za su ci gaba da samunsa tsakanin ƙarshen gwaji da lokacin da hukuma za ta yi masa rajista. Sanarwar Helsinki ta ce a yi tanadin wannan tun kafin a fara gwaji, amma abin da takardar amincewarmu ta faɗa a kai bai fayyace tsawon lokaci ba, kuma kwamitin ya nemi a fayyace. Babban mai bincike zai gabatar da ita a taron masu ɗaukar nauyi na ƙarshen wannan wata, kuma an sa ta a sahun farko na ajandar zaman kwamitin al'umma na Oktoba.